Kalma ɗaya daga sahun baya

A azumin da ya wuce, a masallacin unguwarmu nan Garwa, limamin da ke jan tarawihi ya tsaya cak a tsakiyar aya. Shirun ya ɗan yi tsawo, sai wani dattijo daga sahun baya ya furta kalma ɗaya tak, nan take liman ya kama, ya zarce har ƙarshen sura babu gargada. Ashe ayar tana nan daram a kansa, hanyar kaiwa gare ta ce kawai ta toshe.

Masana da ke nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da raba ajiye abu da ciro shi. A 1973 Endel Tulving na Jami'ar Toronto da Donald Thomson suka bayyana cewa abin da ke tuna wa mutum wani abu yana yin tasiri ne gwargwadon yadda suka haɗu tun lokacin koyo. Kalmar dattijon ta yi aiki domin tare da sauran ayar liman ya haddace ta. Hatta wurin da aka yi karatu yana shiga lissafi, domin a 1975 Godden da Baddeley sun sa masu nutso haddace jerin kalmomi, wani lokaci a tudu, wani lokaci a ƙarƙashin ruwa, kuma sun fi tunawa idan aka tambaye su a inda suka koya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken Roediger da Karpicke na 2006 a Amurka. Ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta rubutu sun yi gaba bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka gwada kawo shi da ka su ne suka yi zarra. Wahalar lalubo abu a kai ita kanta tana ƙarfafa shi, kuma ina ganin alarammomin tsangaya sun san haka tuntuni, tunda ba sa yarda da haddar almajiri sai ya kife allo ya kawo ta.

Shi ya sa nake damuwa idan na ga 'yar yayata, mai shirin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta BEPC, ta raba dare tana bin littafi da ido, tana jin ta iya domin shafukan sun zama sanannu gare ta. Yanzu bayan sallar isha'i nakan karɓe littafin in yi mata tambaya, idan ta kakare kuma sai in jira ta yi ta lalube kafin in ba ta kalmar farko.