Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Daminar Amurka 94

Makon jiya mun tsaya a inda aka kai ni riƙo gidan Baffa, ƙanin mahaifina, a wani ƙauye kusa da Ringim. Daminar farko da na yi a gidansa ita ce ta 1994, shekarar da Najeriya ta fara zuwa Gasar Cin Kofin Duniya, wadda aka buga a Amurka.

Garin ba shi da wutar lantarki. Talabijin ɗaya ce tal, baƙi-da-fari, ta malamin asibiti, kuma da batirin mota take aiki. An ɗaure eriyarta a kan doguwar gora, in iskar hadari ta taso sai yaro ɗaya ya riƙe gorar yana juyawa ana ce masa "ya yi, tsaya haka!" Samari suka yi karo-karo, ana ɗora batirin a keke a kai shi Ringim caji. Don kada ya mutu a tsakiyar wasa, aka yanke cewa wasannin Najeriya ne a gaba, sauran kuma sai abin da hali ya yi.

Sunayen 'yan wasan mun haddace su tun watan Afrilu ta rediyo, lokacin da suka ɗauko kofin Afirka a Tunisiya, suka ci Zambiya 2-1, Emmanuel Amunike ya zura duka biyun. Fuskokinsu ne ba mu taɓa gani ba.

Wasan farko da Bulgeriya a Dallas aka yi shi, ranar 21 ga Yuni, amma a agogonmu sai bayan sha biyun dare aka take. Na durƙusa gaban Baffa na ce, "Baffa, don Allah a bar ni in je kallon ƙwallo." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, da tsakar dare? Ga noman fari bai ƙare ba. In ba za ka makara sallar asuba ba, kuma za ka riga ni gona, to je ka." Ba a daɗe da farawa ba sai ga shi da buzunsa, ya shimfiɗa a bayanmu.

Finidi George ya miƙo ƙwallo daga dama, Rashidi Yekini ya tura ta raga, ya bi ta ciki, ya cusa hannuwansa a cikin ragar yana ihu. Tsakar gidan ta kaure, har karnukan gari suka ɗauka. Wannan ita ce ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar. Daniel Amokachi da Amunike suka ƙara, aka tashi 3-0. Malamin asibiti ya faɗa mana cewa Yekini da Amokachi duk haihuwar Kaduna ne, Yekini a ƙungiyar UNTL ya fara, Amokachi kuma a ta Ranchers Bees, kuma Hausa a bakinsa kamar ɗan unguwarmu. Daga ranar duk yaron da ya taka ƙwallon tsumma a filin makaranta ɗayan su biyun ne.

Ku tuna ƙasar a lokacin ba ta zauna lafiya ba. Kwana biyu bayan wasan nan gwamnatin Janar Abacha ta kama Abiola, dattawa a majalisa ba su da zance sai na Kudu da Arewa. Amma da dare mutanen nan su ne suke yi wa Bayarabe da Inyamuri addu'ar nasara da zuciya ɗaya. A gaban akwatin nan na fara jin cewa Najeriya tawa ce, ba suna ne a littafin makaranta kawai ba.

Ajantina ta ci mu 2-1, duk da Samson Siasia ne ya fara ci. Caniggia ya rama biyu. Mun ga wata mata ta riƙo hannun Maradona suna fita daga fili, ashe gwajin ƙwaya za a kai shi, kuma wasansa na ƙarshe ke nan ga ƙasarsa. Girka kuwa muka ba ta biyu babu ko ɗaya, muka fito na ɗaya a rukuni.

Sai ranar 5 ga Yuli, mu da Italiya. Ƙarfe shida na yamma aka fara, mutane suka baro gona da wuri, har na rugagen Fulani suka shigo. Amunike ya ci a minti na 25 daga bugun kwana. Hutun rabin lokaci ya zo daidai da magariba, muka yi salla a nan ƙofar gidan, liman bai ja ba. Da aka dawo, alƙalin wasa ya ba Gianfranco Zola jan kati, ranar haihuwarsa ce ma, suka koma su goma. Wasu har sun fara lissafin wanda za mu haɗu da shi a gaba. Amma Amokachi ya riga ya fita da rauni, Amunike ma haka, 'yan wasanmu suka koma jan lokaci maimakon neman ta biyu. Saura minti biyu, Roberto Baggio ya sulala ƙwallo gefen Peter Rufai. A ƙarin lokaci aka ba su fenariti, shi dai ya sake ci. Babu wanda ya yi wa wani sallama. Inna ta ajiye mini tuwo, da safe ta same shi a rufe yadda ta bar shi.

Har yau ina kan bakana cewa Najeriya ba ta sake haɗa 'yan wasa irin na koci Clemens Westerhof ba. Bulgeriyar da muka lallasa ita ce ta kori Jamus ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Italiya kuma ta je har wasan ƙarshe da Birazil ranar 17 ga Yuli, inda Baggio ya ɗaga fenaritinsa sama da raga, kofi ya tafi Birazil. Mun kalli wannan ma, muka yi tsalle, amma bai wanke mana komai ba. Yekini ya rasu a 2012, Allah Ya jiƙansa, kyaftin Stephen Keshi ya bi shi a 2016.

Gero yana fara kai sai takardar makarantar kwana ta iso, Baffa kuma ya ce ba ya da kuɗin akwati da katifa. Yadda aka yi na tafi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.