Bracciano: Gidan da Yaƙi Bai Ci Ba, Bashi Ya Ci

Daga Roma na hau jirgin ƙasa mai zuwa Viterbo, cikin kusan awa guda sai ga Bracciano. Gari ne ƙarami a kan tudu, ga tafki shimfiɗe a ƙasansa. Na bi lunguna masu daɓen dutse ina haki har ƙofar fadar Orsini.

Zuriyar Orsini ta yi rassa da yawa a Italiya, amma reshen Bracciano ya fi ƙarfi. Napoleone Orsini ne ya aza harsashin ginin a 1470, ɗansa Gentil Virginio ya kammala a 1485. Kaurin katangar kaɗai ya isa ya nuna maka ba don ado aka yi ta ba. A 1494 suka buɗe wa Sarkin Faransa Charles na Takwas ƙofa, abin ya ɓata wa Fafaroma Alexander na Shida rai, ya turo dakaru a 1496. Maigidan, Gentil Virginio, yana tsare a Naples a lokacin. 'Yar'uwarsa Bartolomea ce da mijinta suka riƙe garin har maharan suka janye.

Inda na fi daɗewa shi ne ɗakin da ake kira na Isabella. 'Yar Cosimo de' Medici ce, mai mulkin Florence, aka aurar da ita ga Paolo Giordano Orsini a 1558. Masu yawo da baƙi suna son labarin ramin da wai take jefa samarinta. Ni dai ban gamsu ba, ya fi kama da gulmar da ake yi wa mace mai ilimi da iko. Ta rasu a 1576, aka yi ta cewa mijin ne ya shaƙe ta, wasu masana kuma suka ce ciwo ne.

Shi kuwa gogan sai ya ƙyalla ido a kan matar aure, Vittoria Accoramboni. Aka kashe mijinta a 1581. Tsautsayi, kawun mamacin ya zama Fafaroma a 1585. Paolo ya tsere arewa, ya mutu a shekarar, ita ma aka kashe ta a Padua.

Daga nan sai facaka da cin bashi. A 1696 Flavio Orsini ya sayar wa Livio Odescalchi da masarautar Bracciano. Flavio ya rasu a 1698 bai bar magaji ba. Har yau jikokin gidan Odescalchi ke riƙe da fadar, suna karɓar kuɗin shiga, suna kuma ba da hayarta ga masu bikin aure.