Mako na shida: babban yatsa ya zauna, saura koyon yin shiru

'Yan'uwa masu koyon jita, ga inda aka kwana. Makonni biyar sun tafi a kan zagayen buluz, kiɗan baƙaƙen Amurka, mai zango 12 a E, kowane zango bugu huɗu: zango huɗu a kamun E7 (kamu shi ne yadda yatsun hagu ke danne tsirkiyoyi tare), biyu a A7, biyu a E7, ɗaya a B7, ɗaya a A7, sai biyu na komawa gida. Hannun hagu ya san hanya yanzu, ba sai ido ya raka shi ba. Wannan makon an shiga salon Roebuck Staples, wanda aka fi sani da Pops, mutumin Misisifi da ya taso a gonar Dockery yana jin kiɗan su Charley Patton, daga baya ya shiga da wannan kiɗan cikin waƙar bishara a Shikago, shi da 'ya'yansa. A 1965 suka naɗi Freedom Highway a cocin New Nazareth, waƙar da ya yi kan tattakin neman 'yancin zaɓe daga Selma zuwa Montgomery. In za ku saurara, ku kasa kunne ga jitar: 'yar jimla ɗaya take maimaitawa, muryoyi da tafi ke ɗauke da sauran aikin.

Babban yatsan dama shi ne ganga. Yana kan tsirkiya ta shida, wato mafi kauri, bugu huɗu a kowane zango, gefen tafin hannu ya ɗan taɓa tsirkiyar kusa da gindinta don sautin ya fito "dum", kada ya yi ta amo. In tafin ya matso sama da yawa, sautin zai mutu murus. Manuni da ɗan tsakiya su ke da tsirkiyoyi uku na ƙasa. Matsalar da kowa ke cin karo da ita: da zarar manuni ya motsa, babban yatsa ya tsaya kallo. Maganinta a sa metronom na waya, manhajar da ke ƙyasta bugu daidai, a 60 a minti, a yi minti biyar babban yatsa kaɗai, sannan a ƙara sauti ɗaya tak da manuni a bugu na farko. Kada a ƙara na biyu sai na farkon ya daina girgiza ƙasa.

Sauti biyu ne suka ba da ɗanɗanon makon. Na farko, a buga tsirkiya ta uku a sake, a sauke yatsan hagu da ƙarfi a gaɓa ta 1 ta wuyan jita, G ya koma G# ba tare da an sake bugawa ba. Na biyu, tsirkiya ta farko a gaɓa ta 3, a ɗan tura ta sama kaɗan, kwatan sauti kawai. Wanda ya tura har ta kai G# ya zubar da gishirin, don daɗin yana tsakanin biyun ne. Mai jitar katako da tsirkiya mai kauri .013 zai sha zafi a yatsa; .011 ta fi sauƙin lanƙwasa.

Sai tiremolo, wannan makyarkyatar da aka san Pops da ita. Ƙarar sauti ce take hawa tana sauka, ba tsayin sautin ba. Maɓalli biyu gare ta a jikin amfilifaya, na'urar ƙara sautin jita: na sauri da na zurfi. A gudun 80, wato bugu 80 a minti, in an raba kowane bugu uku, za a samu 240 a minti, wato kaɗawa huɗu a daƙiƙa, nan za a ajiye saurin. Zurfin kuma kada ya wuce rabi, in ba haka ba zai haɗiye farkon kowane bugu, kiɗan ya zama kamar ana kunna rediyo ana kashewa. Wanda ba shi da amfilifaya ya wuce wannan, bai rasa darasin ba.

Darasin gaskiya yana wajen amshi. Yawancin waƙoƙin gwagwarmayar baƙaƙen Amurka ba zango 12 ba ne, ginin coci gare su: layi ɗaya sau uku, na huɗu ya rufe, sau da yawa a sauko daga A zuwa E irin saukar "amin". An yi haka ne don wanda ya shigo taro yanzu ya kama a baiti na biyu. Kalma ɗaya ake canzawa kowane baiti. A Albany ta jihar Jojiya, inda ƙungiyar Freedom Singers ta kafu a 1962, sunan shugaban 'yan sandan garin, Laurie Pritchett, aka riƙa sakawa a gurbin. A Selma kuma na Jim Clark, shugaban jami'an tsaron gundumar. Galibi ma babu jita, murya ce da tafi da ƙafa, ai wanda ke tsare a kurkuku ba shi da wani kayan kiɗa.

Don haka atisayen shi ne: jagora ya yi zango biyu, 'yan amshi su yi biyu, a zangonsu manuni da ɗan tsakiya su ɗauke gaba ɗaya, babban yatsa kaɗai ya ci gaba. Da wuya fiye da yadda ake zato. Hannun da ya sha makonni yana koyon ƙawa, ƙaiƙayi yake yi ya cusa ta a kowane gurbi, sai ta hau kan mutane. A naɗi amshin da waya, a kunna, a yi kiɗa a kansa, a sake saurare. Duk inda kalma ta ɓace, jita ce ta taka ta.

Tafi a bugu na 2 da na 4 yake, ba 1 da 3 ba. A sa metronom a 40, a ɗauki kowane ƙyas a matsayin 2 da 4, gudun ya zama 80. Kwana biyun farko kunne zai riƙa juya shi ya koma 1. A ƙirga da baki har ya zauna.

In E ya yi wa masu amshi ƙasa, a ɗaura kapo, matsen da ke danne duk tsirkiyoyi, a gaɓa ta 3 a koma G da kamun da aka saba. A matsa shi dab da bayan ƙarfen gaɓar, a sake saita tsirkiyoyi, don yakan ja su sama kaɗan. Aikin mako na bakwai: baiti huɗu a jere a gudun 80, kalma ɗaya na canzawa, ba ƙawa ko ɗaya a zangon amshi.