Haɗin kicin da tsawon gashi: abin da aikin saloon ya koya min

Lokacin da na fara koyon gyaran gashi ba abin da na yarda da shi irin haɗin kicin. Albasa, hulba, ƙwai, ruwan shinkafa, tafarnuwa, man kwakwa, man zaitun, duk wanda naji ance yana sa gashi tsawo sai na rubuta a wani ɗan littafina, in kwastoma ta zauna ta fara kukan gashinta yaƙi tsawo, kafin ta rufe baki na zayyano mata haɗi uku. Kuma wallahi da zuciya ɗaya nake yi.

Ƙwai ne ya fara kunyata ni. Ranar uwar ɗakina ta fita ta bar min shago, wata baiwar Allah tazo stimin, na fasa ƙwai 2 na kaɗa da man zaitun na shafe mata kai tas, na turata ƙarƙashin injin stimin na ƙure zafi wai don ya ratsa sosai. Bayan minti 20 na ɗaga, sai ga ƙwai ya dahu a kan mutum, fari-fari ya manne a kowane sili, ga ƙarni ya cika shago. Farin ƙwai dama daga zafi ya haura digiri 60 yake fara daskarewa, ni kuma a lokacin ina na san wannan. Mun fi awa ɗaya ina tsincewa da ƙaramin kum, matar nan bata ɗaga murya ba, abin da tace kawai "ƙanwata, yau kika fara ne?" Da ta zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Da uwar ɗakina ta dawo na zata faɗa zan sha. Sai ta zauna tace min, ke da kike ta ciyar da gashi ƙwai, ta ina gashin yake ci? Nayi shiru. Tace silin da kike gani a waje mataccen abu ne kamar farce, shi yasa ake yanke shi ba zafi ba jini, mai ran yana can ƙarƙashin fata, saiwar kenan, kuma jini ne yake kai mata abinci. Daga baya da na bi karatun abin na tarar haka yake. Gashi keratin ne, wato irin furotin ɗin da yake a farce, kuma a wata ɗaya santimita 1 ne ko da ɗan ɗoriya yake ƙaruwa, a shekara ɗaya santimita 12 zuwa 15, ko kin shafa ko baki shafa ba. Hujjar ma kullum tana gabana ban lura ba: duk mai rina furfura, sati 3 bata cika ba zaki ga farin ya leƙo daga gindi. To ashe gashin da ake cewa ya tsaya bai tsaya ba, yana fitowa ta ƙasa yana karyewa ta sama.

Anan ne kicin yake da amfani na gaske, kuma bazan rage masa komai ba. Mai yana rage gogayya, yana sa tsifa da taza su yi sauƙi, musamman gashi mai murɗiya wanda duk lanƙwasa ɗaya wurin karyewa ce. Man kwakwa ma akwai gwajin da akayi a Indiya a 2003, aka kwatanta shi da wasu mayuka biyu, shi kaɗai ya rage zubar furotin daga sili saboda yana iya shiga cikinsa. Wacce ta riƙa shafawa kafin wanki zata ga tsawo bayan watanni tace man ne ya fito mata da gashi, alhali abin da yayi shine ya hana wanda ya fito gutsurewa. Ni dai bana musu da kwastoma akan wannan, tunda tsawon take so kuma ta samu.

Abu ɗaya da yanzu bana tsallakewa shine duba gashin da ya fita a kum. In guntaye ne ba komai a bakinsu, karyewa ce. In dogo ne da ɗan farin ɗigo a gindi, daga saiwa ya fito, zubewa ce, kuma sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo bane a kan da yake ɗauke da kusan 100,000. Wacce ta bar kitso sati 4 ta tsefe taga dunƙule guda, na kwanakin nan ne duk suka taru.

Rashin sanin wannan ne yasa na taɓa cin yabon da ba nawa ba. Wata mai jego tazo hankali a tashe, wata 3 da haihuwa gashi yana bin hannunta in tana wanki. Na ɗora ta kan ruwan albasa sau biyu a sati, ta jure warin, mijinta ma ya jure, wajen wata 6 gashi ya fara cikowa, ta riƙa turo min ƙawayenta ana cewa hannuna da albarka. Sai daga baya na gane zubewar bayan haihuwa da kanta take tsayawa, lokacin ciki gashin da ya kamata ya faɗi yana zama, in an sauka sai ya zube a tare, yawanci kafin yaro ya shekara ya dawo. Haka yake yi bayan zazzaɓi mai zafi ko tiyata, wata 2 zuwa 3 tsakani. Albasar nan da ake ta yayatawa, gwajin da aka fi jingina da shi a Iraƙi akayi a 2002, mutum 38 ne kacal, kuma masu wani ciwo ne na daban wanda gashi yake faɗuwa a zagaye kamar kwabo saboda garkuwar jiki tana afka wa saiwa. Su kam da yawansu gashin ya fito. Amma wannan bai ce komai ba akan mai sanƙon gado ko mai son gashi har gadon baya.

Tafarnuwa kuwa na daina ko ambatarta. Ɗanyarta in ta jima akan fata tana ƙonawa kamar wuta har ta tashi bororo, na gani da idona a kan wata da ta kwana da ita ta ɗaure da leda. Lemon tsami yana busar da gashi, bakin soda shima haka. Ko me za'a shafa, a fara gwadawa a bayan kunne a jira kwana ɗaya.

Wanda ya fi min ciwo har yau shine wata kwastoma da gaban goshinta ya cinye. Kusan shekara tana zuwa, in shafa mata hulba da mai in yi mata tausar kai, sannan in zaunar da ita in ja mata kitso ƙanana har girarta ta ɗage, tana cewa "Anti ki ja sosai ya daɗe", in ta koma gida sai ta sha farasitamol take iya barci. Ƙananan ƙuraje suna fitowa a bakin kitson muna cewa zafi ne. Hannuna ne yake cinye mata goshi ina ɗora wa hulba aikin gyarawa. Irin wannan in aka sassauta da wuri yana dawowa, in aka daɗe saiwar tana mutuwa fatar tayi sumul tana sheƙi, daga nan ba haɗin da zai taso da ita. Nata rabi ya dawo.

Yanzu yaro mai makero bana shafa masa komai, asibiti nake turawa don maganin sha yake buƙata na makonni. Macen da gashinta yake ta zuba ga kasala ga jiri, ina ce mata Hajiya kije a duba jininki, ƙarancin sinadarin ayon da matsalar maƙoƙo duk suna kawo haka. Wasu suna jin haushi, sun zo neman haɗi an basu shawara.

Satin da ya wuce ma wata tazo da robar ruwan albasa ta haɗo daga gida tace sai na shafa mata. Na shafa, amma nace kitson yau manya zamuyi kuma bazan taɓa na gaban goshi ba, na ɗauki hoton kan a wayarta nace mu sake dubawa bayan wata 3. Ta harare ni ta madubi tace kitson tsofaffi zan mata kenan, nace eh, guda shida.