Riƙon Yaro Mai Wuyar Sha'ani a Ingila da Kariyar da Doka Ta Ba Ni

A gida riƙo magana ce ta zumunci, gwaggo ta ɗauki ɗan ƙaninta ba takarda ba shaida. A Ingila kuwa, inda nake riƙon yaran da ƙaramar hukuma ta karɓa ƙarƙashin Dokar Yara ta 1989, mariƙiya ba ta da ikon iyaye a kan yaron, kotuna kuma ba su ɗauke ta ma'aikaciyar hukuma ba, saboda haka kusan duk kariyarta tana cikin abin da aka rubuta.

Da aka nemi in karɓi wani yaro ɗan shekara 12 mai fashe-fashen kaya idan ransa ya ɓaci, sai na ce a fara ba ni tarihinsa a rubuce. Ina da hujja, domin a shekarar 2000 kotun ƙolin ƙasar ta wancan lokaci ta yarje wa wasu ma'aurata masu riƙo su ci gaba da ƙarar hukumar yankin Essex da ke Ingila, wadda ta kai musu matashin da aka san yana lalata da yara ba tare da an gaya musu ba, har ya cutar da 'ya'yansu.

Ƙa'idojin riƙo na 2011 sun haramta duka kwata-kwata, ba su kuma yarda a danne yaro ba sai don hana rauni ko mummunar ɓarnar dukiya. Wani dare ya naushi gilashin taga, ya ɗaga hannu zai ƙara, na riƙe masa tsintsiyar hannu har ya lafa, yatsuna suka bar shaida a fatarsa. Kafin in kwanta na kira lambar gaggawa ta hukumar, na rubuta a littafina lokacin da abin ya faru, da kalaman da ya furta, da yadda na riƙe shi. Washegari ya ce wa malamarsa na ji masa ciwo.

Ban ga laifin makarantar da ta kai rahoto ba, ban kuma ga na yaron ba, domin wanda manya suka sha cutarwa dole a saurare shi. An miƙa maganar ga jami'in da ke duba zarge-zarge a kan masu kula da yara, aka haɗa ni da mai ba da shawara mai zaman kansa kamar yadda ƙa'ida ta tanada, kuma littafin nan nawa da kiran da na yi su suka wanke ni. Da an nemi soke rajistata ta riƙo, ina da kwana 28 na kai kuka gaban kwamiti mai zaman kansa.

Inda nake ganin dokar ta gaza shi ne zaman jiran. Mariƙiya takan shafe makonni ba a fayyace mata zargin ba, wani lokaci an ɗauke yaran, kuɗin da take dogaro da shi ya ragu, kuma na san mata masu haƙuri da suka ajiye riƙo a wannan tsakanin duk da cewa daga baya an wanke su.