Bin salsalar iyali: samun suna ba shi ne aikin ba

Ƙaramin kamfani gare ni, kuma sana'armu bin diddigin asalin mutane ce. Wani zai zo da sunan kakan kakansa, in an yi sa'a har da tsohon hoto, yana son sanin inda mutumin ya zauna, abin da ya yi, da waɗanda ya bari.

Ba ma farawa da wanda ake nema. Daga masu rai muke tasowa, mu riƙa komawa baya ɗaki bayan ɗaki. Kafin mu buɗe kowace takarda kuma, sai mun zauna da wanda ya fi tsufa a dangin mun naɗi muryarsa, domin a bakinsa ake jin laƙabi, da matar fari da ta rasu da wuri, da ɗan da ya yi ƙaura bai dawo ba. Takarda tana jira, tsoho kuwa ba lalle ya jira ba.

Samun suna ya zama abu mai sauƙi yanzu. Shafin intanet na binciken asali mai suna FamilySearch kaɗai yana da ɗimbin takardu, kuma kyauta ake dubawa. Inda gumi yake fita shi ne tabbatar da cewa sunan na mutuminmu ne, ba na takwaransa ba. A ƙauye ɗaya sai ka tarar da maza biyu, suna ɗaya, shekaru kusan ɗaya, sau da yawa ma 'yan'uwa ne da aka sa wa sunan kaka ɗaya. A nan nake kusantar da hoton takardar sosai, in duba wa ya yi shaida a takardar aure, su wa ke maƙwabtaka da shi a ƙidayar jama'a, da hannu ya sa suna ko alama kawai ya yi. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ke raba gardama.

Ita ma takarda tana iya ɓatar da mutum. A ƙidayar Ingila ta 1841 an umarci masu ƙidaya su rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, sai mai 29 ya koma 25. Takardar mutuwa abin dogaro ce a kan ranar rasuwa, amma sunan iyayen mamaci daga bakin mai jimami ya fito, don haka nakan nemi shaida ta biyu. Wasu takardun ma babu su: gobarar 1921 ta lalata yawancin ƙidayar Amurka ta 1890. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne zuriyar bayi a Amurka, waɗanda akasarinsu sai a ƙidayar 1870 sunayen kakanninsu suka fara bayyana. Kafin nan shekaru da jinsi da launin fata aka rubuta, ba suna, a ƙarƙashin sunan ubangida.

Gwajin ƙwayoyin halitta yana nuna cewa akwai jini tsakanin mutum biyu, amma ba ya faɗin ta wa aka haɗu. Yakan kuma tono abin da dangi suka binne, shi ya sa nake faɗakar da wanda ya kawo aikin tun kafin ya ba da yawunsa.

Akwai masu zuwa da amsarsu a hannu, sun kwafo wata salsala daga intanet wadda ta dangana su da sarki. Ba na sa hannu a kan abin da ban ga hujjarsa ba. A rahotona nakan ware abin da takarda ta tabbatar, da abin da baki ya faɗa, da abin da nake zato, in kuma bar gurbin da babu shaida a buɗe, ko da mai aikin bai ji daɗi ba.