Lasifika biyu, yammaci guda

Jiya bayan la'asar na je wurin wani yayana da ya daɗe yana tara kayan sauti, ya zaunar da ni tsakanin lasifikokin KEF LS50 Meta da Klipsch Heresy IV. Har yanzu abin yana raina.

Da ido, KEF ɗin ce ta fara burge ni. Ƴar ƙarama ce, fuskarta a lanƙwashe, kuma mai fitar da siririyar murya tana zaune tsakiyar babbar mai fitar da kakkaurar murya, tsarin da suke kira Uni-Q. Heresy kuwa akwatin katako ne zaune a ƙasa, irin fasalin da kamfanin Klipsch ya fara fitarwa tun 1957. Kuɗinta ya kai kusan ninki biyu na KEF, na ce Yaya anya kuwa?

Sai ya jona musu ƙaramar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai kwalabe, wutarta ƴan wat kaɗan. Heresy ta cika falon, kalangu ya fito kamar makaɗin na gabana. KEF ta yi laushi, gangar ba nauyi. Ya nuna mini dalili a takarda: Heresy 99 dB, KEF 85 dB, wato ma'aunin ƙarar da kowacce ke fitarwa idan an ba su wuta iri ɗaya. Kowane 3 dB na nufin ninka wuta, wato KEF na neman kusan ninki 25 kafin ta kamo ƙarar ƴar uwarta.

Da ya sauya wa KEF amfilifaya mai ƙarfi, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Muryar mawaƙiyar ta tsaya cak tsakiyar ɗaki, har numfashinta ina ji.

Ɗakina ƙarami ne, don haka zuciyata na ga KEF. Amma yanzu kuɗin amfilifayar nake lissafawa tukuna.